Baƙonku ya lissafa kabon, ya manta da ƙirjinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na ranar Laraba ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Rabin sa'a cur baƙonku yana kambama kamfanonin da ke mayar da dagwalon masana'antu makamashi suna sayar da shaidar rage hayaƙi, amma ko sau ɗaya mai gabatarwa bai tambaye shi su wa ke ɗaukar sharar nan da hannunsu ba.

Ni na ɗauka. Shekara tara na yi a wani kamfanin siminti, huɗu daga ciki a wurin sauke tsofaffin tayoyi da baƙin mai da tsummokaran da suka sha sinadarin wanke fenti, waɗanda ake hura tanderun siminti da su. Idan aka buɗe durom, warin har ƙwaƙwalwa yake hawa. Takunkumi guda ake ba mu, mu yi ta fama da shi har ya koma baƙi ƙirin. Idan na dawo gida na fyace hanci a farin ƙyalle, mai ɗakina kau da kai take yi. Yau shekara uku da barina aikin, tarin asuba bai sake ni ba.

Ban ƙi gaskiyar baƙonku ba inda ya faɗe ta. Tanderun siminti yana kaiwa maki 1,450, ya fi ƙona taya a fili nesa ba kusa ba, kuma ana rage ƙona kwal. To amma takardar da suke sayarwa abu ɗaya tak take aunawa: tan guda na iskar kabon. Ba ta auna zaiba, wadda zafi ba ya kashe ta, sai dai ta bi bututu ta fita in na'urar tace hayaƙi ba ta kama ta ba. Ba ta auna gubar dayokzin da kan iya samuwa idan sharar na ɗauke da kulorin kuma ba a saurin sanyaya hayaƙin ba. Wa ke duba wannan? A zamanina, ranar da masu bincike za su zo kowa ya sani tun jajibiri, a share, a raba sababbin safar hannu.

Kuma me ya sa bai faɗa wa masu sauraro cewa fiye da rabin kabon da siminti ke fitarwa daga gasa dutsen farar ƙasa yake fitowa ba? Ko da me ka hura wutar, wannan kason na nan daram.

Haba Malam! An taɓa ganin irin wannan. A tsarin yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 kan sauyin yanayi, masana'antun sinadarin sanyaya firji sun kwashi kuɗi da sunan lalata iskar HFC-23 mai ɗumama yanayi, har aka zarge su da ƙara samar da ita don a biya su, sai da Tarayyar Turai ta daina karɓar takardun a 2013. Idan shara ta zama hanyar kuɗi, wa zai so ta ragu?

Af, layin wayar da kuke bayarwa kuma ba ya shiga. Sau bakwai na kira ran nan, katina ya ƙare ina sauraron kiɗa. Ku gyara, don Allah.

Ku sake shirin, ku gayyato lebura guda da ya taɓa buɗe durom ɗin nan, ya zauna kusa da baƙon naku. In ba ku samu ba, ga ni.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin kamfanin siminti