Zuwa ga Ummi, kan maganar gurbin likita

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da malamanki da 'yan ajinku. Gida kowa lafiya lau. Hajiya takwararki da ƙannenki suna gaishe ki.

Mamanki ta faɗa min tambayar da kika yi mata ranar ziyara, ko za ki iya samun gurbin karatun likita a BUK. Wannan ba amsar tsaye ba ce, shi ya sa na rubuto miki, ki ajiye ki riƙa dubawa.

Za ki iya, Ummi, amma ba da makin da kike jin ana faɗa ba. In an ce 150 ne mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a, kamar yadda aka tsayar a 2025, to zaure kawai ya kai mutum, bai shigar da shi cikin gida ba. Abin da ya sa likita tsauri shi ne gurbi. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likita a Najeriya, ita ce take ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ƙarfin asibitin koyarwarta, wanda a BUK shi ne na Malam Aminu Kano. Masu nema dubbai ne, kujerun kaɗan. Sai a jera ku daga mai maki mafi yawa a yi ƙasa, inda kujeru suka ƙare a ja layi. Layin nan motsi yake kowace shekara, don haka kada ki dogara da makin da wata ta shiga da shi bara.

A 2024, kashi 76 cikin 100 na masu rubuta JAMB ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 9,000 ba a duk ƙasar. A ganina ki sa ranki a 280 zuwa sama, wato 70 a kowane darasi: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Lissafa da kanki. In kin ci 80 a Bayoloji da Kemistiri, kika saki Fiziks a 45, Turanci a 55, 260 kika tashi da shi. Darasin da kike gudu shi zai ja ki ƙasa, kuma na ga takardar sakamakonki, na san Fiziks ne. Ki ba shi lokacin bayan sallar asuba, kanki na sarari, ki bar Bayoloji da kike so zuwa dare.

Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 na kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 kenan ga kowace tambaya. Ɗalibai masu ƙoƙari da yawa a nan suke zubar da maki, su tsaya minti huɗu a kan lissafi ɗaya, lokaci ya ƙare da tambayoyi ashirin masu sauƙi ba a ko buɗe su ba. Wadda ta tsaya miki ki wuce ta, ki dawo daga baya. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, saboda haka kada ki bar ko ɗaya fili. Hannunki kuma ya saba da kwamfuta tun yanzu: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki, shi kada yatsanki ya je kusa da shi sai kin gama. Za mu biya miki jarrabawar gwaji ta JAMB, ki ji yadda zaman ɗakin yake kafin ranar.

WAEC da NECO kada ki raina su. Kiredit biyar ake so, Turanci, Lissafi da darussan kimiyya uku, kuma a fannin likita jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so, ba haɗin sakamako biyu ba. Wasu har maki suke ba kowane mataki wajen tantancewa, ta yadda mai A1 ta fi mai C6 ko da JAMB ɗinsu ɗaya.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka lasafta baya a ilimin boko. Kano tana yankin BUK, tana kuma cikin rukunin ƙarshen. Wannan ya ba ki ƙofa fiye da ɗaya, amma ki tuna yawan 'yan Kano da ke tsaye a bakin ƙofofin nan tare da ke, har da na makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. BUK ɗin za ki sa a zaɓin farko, don jami'ar da ake rububinta ba ta duba wanda ya sa ta a na biyu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, domin yana kayar da mai maki mai kyau ba tare da laifin ƙwaƙwalwarta ba. Sunanki da ranar haihuwarki na NIN su JAMB za ta ɗauka. In NIN ya ce Aishatu, WAEC ta ce Aisha, ko aka juya jerin sunayen, ranar tantancewa za a tsayar da ke. Ki nemi ganin yadda makaranta ta rubuta ki, harafi da harafi, ki aiko min, in akwai gyara mu yi shi kafin a buɗe rajista. Layin wayar da za a yi rajistar da shi naki ne ke kaɗai, ba na mai shagon intanet ba, kuma ba za a yar da shi ba har ki shiga jami'a. Sannan lalle. Na'urar ɗaukar yatsa ba ta karanta yatsan da ya sha ƙunshi da kyau, wadda kuma yatsanta bai hau ba, ba ta shiga ɗakin jarrabawa. Ko bikin wa ake yi a dangi, ki bar hannunki fari daga rajista har ki fito.

Sakamakon WAEC na fitowa za mu je cibiyar CBT, inda ake rubuta JAMB a kwamfuta, a ɗora shi a kan CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, in ba haka ba jami'a ba za ta iya ba ki gurbi ba ko kin ci 320. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba kuwa, JAMB ba ta san da shi ba, sai lokacin bautar ƙasa matsalar take fitowa. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ya ƙara miki maki, ɗan damfara ne, ki turo min shi.

In makin ya tsaya wajen 230 ko 240, za mu zauna da ke da Mamanki. Da darussan nan huɗu ana neman haɗa magunguna, aikin jinya, gwajin jini, hoton asibiti da gashin ƙashi, duk BUK tana da su, kuma su ma ana rububinsu. Akwai canjin kwas, akwai sake rubutawa baɗi, akwai karatun share fage na IJMB da ke shigar da mutum aji biyu, ko da yake gurbinta a likita ya fi ƙanƙanta. Kada ki danna karɓa a CAPS sai mun yi magana, don in kin karɓa an rufe na wannan shekarar.

Yayanki zai kawo miki tambayoyin baya na shekara goma ranar Asabar. Kowace Juma'a da yamma ki yi cikakken saiti ɗaya da agogo a gabanki, ki rubuta makin kowane darasi a bayan wannan takarda, in na zo ziyara mu duba tare.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.

Abbanki