Rahoton Ayyukan Shekara Daga Ofishin Sakatare, Jos

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamitin zartarwa da sauran membobi maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Kamar yadda dokar ƙungiyarmu ta magina, 'yan kwangila da dillalan gidaje ta tanada, ga bayanin abin da aka gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai karanta muku da bakinsa, ba zan shiga gonarsa ba.

Taron wata-wata ya tafi yadda aka saba. Halarta ta yi kyau da rani, ta ja baya da damina, kuma duk wanda ya san ruwan Jos a watan Agusta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kwamitin sulhu ya kashe ƙorafe-ƙorafen da aka kawo masa ba tare da an kai ga kotu ba, yawancinsu rigimar la'ada ce tsakanin dillalai. An ci gaba da koya wa matasa aikin birkila da sa tayil a wuraren aikin membobi. Mun yi rashin wasu daga cikin dattawanmu, an je ta'aziyya da sunan ƙungiya, Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi jawo magana a bana shi ne ziyarar da wakilanmu suka kai unguwar Canary Wharf a gabashin Landan. Tun da an yi ta tambaya, bari in faɗa a fili: kowa da aljihunsa ya yi tafiyar, asusun ƙungiya bai fitar da ko kwabo ba. Waɗanda suka je suna da harkar sayen kayan gini a Ingila tun farko, kwamiti ya roƙe su su ware lokaci su dubo mana wurin.

Dalilinmu a bayyane yake. Wurin nan da ya cika da bankuna a yau, da can tashar jiragen ruwa ce. An buɗe ta a 1802, aka yi ta sauke sukari da sauran kaya daga tsibiran Karebiyan, daga baya har da ayaba da tumatir daga tsibiran Canary. Da aka koma zuba kaya a kwantena, manyan jirage suka daina hawowa kogin Thames zuwa tsakiyar gari, suka koma tsayawa a Tilbury da Felixstowe. A 1980 aka rufe tashar, 'yan dako suka rasa abin yi, sito-sito suka zama kango. Mutumin Jos da ya ga yadda haƙar kuza ta mutu bayan faɗuwar farashinta a 1985, ta bar mana kududdufai daga Rayfield zuwa Bukuru, ya san irin wannan labari.

A 1981 gwamnatin Birtaniya ta kafa hukuma guda ta musamman, ta damƙa mata filayen yankin da ikon ba da izinin gini. A 1982 aka yi wa masu zuba jari rangwamen haraji. Wani kamfanin Kanada, Olympia & York, ya fara gini a 1988, ya kammala babban benen One Canada Square a 1991, mai hawa 50 da tsawon mita 235. Ya daɗe yana riƙe da kambun bene mafi tsawo a ƙasar. Wakilanmu sun ce sai da wuya ya yi musu ciwo wajen kallonsa.

Amma ga abin da masu yaɗa hotunan wurin ba sa faɗa. A 1992, shekara ɗaya da kammala benen, kamfanin ya karye. Ofisoshi sun zauna babu masu haya, kuma babban abin da ya jawo haka, ban da koma-bayan tattalin arziki na lokacin, shi ne wahalar zuwa wurin. Ƙaramin jirgin ƙasa mara direba da aka buɗe a 1987 bai isa ya kwashi jama'ar da ake bukata ba. Sai da layin Jubilee na ƙarƙashin ƙasa ya iso a 1999 sannan unguwar ta tsaya da ƙafafunta, a 2022 kuma layin Elizabeth ya ƙaru. A ganina wannan shi ne mafi tsadar abin da wakilanmu suka dawo da shi. Mu nan mun saba mu ɗaga plaza tukuna, sannan mu fara tunanin inda mota za ta tsaya da inda ruwan sama zai bi.

Sun kuma shiga gidan tarihin tashar, wanda yake cikin ɗaya daga cikin tsofaffin sito-siton da ba a rushe ba. Akwai sashe guda a kan alaƙar sukarin nan da cinikin bayi daga Afirka ta Yamma. Hajiya mataimakiyar shugaba ta ce nan ne kawai ta ji jikinta ya yi sanyi a duk tafiyar. Ta fuskar sana'a kuwa, injiniyoyinmu sun yaba yadda aka bar katako da bulon ginin na asali aka gyara cikinsa, maimakon a kawo katafila.

Da suka taka 'yan mintoci zuwa unguwar Poplar sai suka ga wata duniya dabam. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda Canary Wharf ke cikinta, tana cikin waɗanda suka fi yawan yara masu tasowa cikin talauci a Birtaniya. Aikin banki bai faɗa hannun 'ya'yan 'yan dakon da aka sallama ba, kuɗin haya kuma ya yi sama. Ita kanta Canary Wharf ba ta tsira ba: tun bayan korona mutane da yawa na aiki daga gida, kuma a 2023 bankin HSBC ya sanar zai bar benensa ya koma tsakiyar birni. Shi ya sa yanzu masu wurin suka karkata ga gina gidajen kwana da wuraren cin abinci.

Bayan dawowarsu kwamiti ya zagaya filin babbar kasuwar Taminus, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2002. An tafka muhawara a taron da ya biyo baya. Wasu matasanmu na son mu fito da zanen dogayen benaye na gilashi mu kai wa hukuma. Dattawa suka ce a'a, kuma ra'ayinsu ya rinjaya. Matsayar da aka ɗauka ita ce takardar da za mu miƙa wa gwamnatin jiha kan sake gina kasuwar ta fara da hanya, tashar mota, magudanar ruwa da hanyar shigar motar kashe gobara. Ta nemi a danƙa aikin ga hukuma ɗaya wadda canjin gwamnati ba zai rusa ba. Ta kuma nemi a ba waɗanda suka yi asarar shaguna a gobarar, ko magadansu, fifiko a kan farashin da za su iya biya, ba tare da duba addini ko ƙabila ba. An ɗora wa kwamitin fasaha rubuta daftarin, za a karanta shi a taron farko na sabuwar shekara kafin a sa hannu.

Saura tunatarwa. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga Ma'aji kafin ranar zaɓe, domin doka ta hana mai bashi kaɗa ƙuri'a. Duk mai son ganin hotuna da cikakken bayanin wakilan zai same su a ofishin ƙungiya ranakun aiki.

Na gode.

Sakatare