Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Masu Jiragen Ruwa na Ƙungiyarmu a Tafkin Kainji

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa masu jirage, da matuƙa, da yaran jirgi. Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana, tun daga tashar Yauri har Warrah da Malale.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu da kuɗinmu shi ne na kututture. Yaranmu da suka taso suka tarar da tafki ba duka suka san asalin wannan masifa ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya malale gonaki da dazuzzuka da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, kuma ba dukan itatuwa aka sare ba kafin ya iso. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, masu taurin cikinsu suna nan tsaye a ƙarƙashinmu. Idan tafki ya cika suna can ƙasa, jirgi ya wuce lafiya. Idan ya ja baya sosai, kawunansu sun fito, kowa yana gani ya kauce. Tsakanin cika da ja bayan akwai kusan mita 10, kuma a tsakiyar nan ne hatsarin yake: kan icce yana taki ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ido bai gan shi ba, cikin jirgi kuwa ba zai tsallake shi ba. Abin da ya faru ke nan a watan Satumba kusa da Gausawa a ƙasar Borgu, inda jirgin masu zuwa ta'aziyya ya daki kututture, aka rasa rayuka masu yawa, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tun kafin wannan rashi, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, mun ɗauki dattawan Sarkawa da na Gungawa muka bi manyan hanyoyin kasuwa da su. Sanin da ke kan waɗannan bayin Allah ya wuce misali. Tsoho zai dubi tudu, ya dubi wata bishiya a gaɓa, ya ce a sassauta inji, ya zura gora, sai ka ji ta daki icce. Waɗanda suka fito fili a tsakiyar hanya mun sa an yanke su da injin yankan katako daidai da fuskar ruwa. Sauran mun ɗaura musu jarkoki da igiya mai tsawo, domin in igiyar ta gaza, da ruwa ya ƙaru jarkar za ta nutse, alama ta ɓace a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Abin baƙin ciki, wasu sun riƙa kwance jarkokin suna tafiya da su. Mun shafa wa sababbin jan fenti, mun kuma kai kuka wurin sarakunan ruwa na ƙauyukan da ke kusa, suka yi shela. Satar ta ragu. Muna roƙon duk matuƙin da ya ga babu jarka a inda ya saba ganinta ya sanar da wakilin tasharsa a ranar, kada ya bari sai taro.

Sai maganar lodi, kuma a nan zan yi magana da masu jirage kai tsaye, ni ma ina cikinsu. Mun ja farin layi a gefen jirgin kowane ɗan ƙungiya, da sharaɗin cewa in ruwa ya taɓa layin, ko buhu ɗaya ba a ƙarawa. Amma fenti ba ya hana lodi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka, mai jirgi kuma yana zaune a gida yana jiran balas ɗinsa cif kamar da. To matuƙi ina zai samo shi? Sai ya ƙara babur biyu, ya ƙara buhunan shinkafa, ya ce fasinja su matsa. A ganina lodin da ya wuce kima daga gidan mai jirgi yake farawa, a tasha ƙarasawa kawai yake yi. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, da jirgi ya tsage kusa da Warrah ɗauke da mutum fiye da 150, ga babura ga buhuna. Saboda haka a zaman tsakiyar shekara aka amince da abu biyu: kuɗin mota na ruwa ya zama ɗaya a kowace tasha, don kada wani ya karya farashi ya cike giɓin da lodi, sannan duk jirgin da aka kama ya nutsar da layinsa, mai shi ne zai biya tara, ba matuƙi ba. An yi ta muhawara, wasu dattawa ba su ji daɗi ba, amma da aka ɗaga hannu rinjaye ya tabbata. An ci wasu tara, sun biya, kuma mun gode musu da ba su mai da abin gaba ba.

Rigunan kariya mun saya da kuɗin ƙungiya mun raba wa tashoshi. Samun rigar bai kai sa fasinja ya saka ta wuya ba. Wani ya ce zafi, wani ya ce shi ɗan ruwa ne, mai goyo kuma ta tambaya, da gaskiyarta, yaya za ta yi da jariri a baya. Abin da muka lura shi ne in matuƙi da yaronsa suka fara sakawa, gardama tana raguwa ƙwarai. Ƙananan riguna na yara sun yi mana kaɗan, su ne farkon abin da za mu saya a baɗi. A daina mai da su matashin zama ko barinsu a rana, sosonsu lalacewa yake yi.

Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, mu ma mun tsaya a kan haka. A ranakun kasuwa jirgin ƙarshe yana tashi bayan la'asar, ko ya cika ko bai cika ba. Yanzu da hazo ya sauka, wanda bai hango gaɓa ba ya jira rana ta ɗaga. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mun kuma kira makaniki ya zauna da yaran jirgi a kan kula da inji: auna baƙin mai daidai a cikin fetur, duba fulogi, riƙe fil ɗin farfela na ko-ta-kwana, da cire kainuwa in ta toshe inda inji ke jan ruwan sanyaya kansa. Katakon maɗaci ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, shi ya sa da yawa suke ta faci a kan faci. Kwamiti ya dakatar da jiragen da katakon cikinsu ya ruɓe har sai an canza shi. Wasu sun kawo shawarar a haɗa kuɗi a sayi jirgin faiba ɗaya a gwada. Mun bar ta a buɗe sai kun yanke.

Asusun taimako ya tallafa wa 'yan'uwan da aka sace wa inji, ya kuma kai gaisuwa gidajen da aka yi rashi. Sai dai bashin kuɗin wata ya taru a kan mutane da dama, alhali da kuɗin watan ake sayen jarka da igiya da riga. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla a babban taro, littafin kuma yana wurinsa ga mai son dubawa kafin ranar. A taron ne za a sabunta rajistar jirage, a sake duba farin layin kowa, a kuma zaɓi sababbin wakilan tasha. Kowane mai jirgi ya zo da matuƙinsa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa