A tsare ƙofar 445 kafin a raba fayil da firinta a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don in ja hankalin masu karatu kan abin da ya zama ruwan dare: gida ko shagon buga takardu mai rauta (na'urar raba intanet) ɗaya, kwamfuta biyu ko uku, da firinta ɗaya da kowa ke tura wa aiki. Mai haɗawa ya zo ya buɗe rabon fayil, aiki ya tafi, an sallame shi. Daga ranar ba mai sake leƙa abin da aka bari a buɗe.

Kwamfutocin Windows suna miƙa wa juna fayil da aikin bugawa ta wata hanya da ake kira SMB, wadda ke amfani da ƙofa mai lamba 445. Ta wannan ƙofa ce cutar WannaCry ta shiga ranar 12 ga Mayun 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ba sai wani ya latsa komai ba. Kwamfuta ɗaya na kamuwa, sai ta laluɓo maƙwabtanta da kanta. Abin takaicin, Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris na shekarar, mutane ne ba su sabunta ba.

Wani zai ce ai shi da layin waya yake hawa intanet. Gaskiya ne, kamfanonin layi sukan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka da wuya ɗan kutse daga waje ya ƙwanƙwasa ƙofar kai tsaye. Amma ɓarawon a cikin gida yake. Duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin gidan yana iya ganin foldar da aka raba, kuma wayoyin Android na yanzu suna nuna kalmar sirrin a hoton QR. Ka ba yaro ɗaya, kafin magariba majalisar ƙofar gida duk ta hau. Ga kuma laftof ɗin da aka kai makaranta ko wajen gyara ta dawo da cuta.

A fara da cire tsohon SMB, wato na ɗaya. A wajen bincike na Windows a nemi “Turn Windows features on or off”, a cire alamar da ke gaban “SMB 1.0/CIFS File Sharing Support”, a sake kunna kwamfutar. Tun ƙarshen 2017 Microsoft ta fara janye shi daga Windows 10, sai dai masu gyara kan mayar da shi, saboda tsofaffin injinan fotokwafi na gwanjo ba su san wani yare ba sai shi, in babu shi ba sa iya ajiye abin da suka sikana a folda. A ganina wannan sauƙi bai kai haɗarinsa ba. A sabunta manhajar injin in akwai sabuwa, in babu a riƙa sikana zuwa filash.

Sai batun wa aka ba izini. Yawancin masu haɗawa “Everyone” suke zaɓa, su ba da cikakken iko, su kashe “Password protected sharing” don kada a dame su da waya. Ma'anarsa kowa na iya karantawa, ya sauya, ya goge: hoton katin NIN, takardun fili, hotunan iyali. A mayar da neman kalmar sirri, a buɗe wani asusu daban wanda ba shi da ikon shugaba don rabo kawai, a raba folda ɗaya tak, ba faifan C gaba ɗaya ba. Wanda karatu kawai zai yi, a ba shi izinin karatu. Mai son ganin abin da kwamfutarsa ke rabawa ya rubuta net share a cikin Command Prompt. Sunayen da suka ƙare da alamar dala, irin su C$, yawanci na Windows ne da kanta. Sauran kuwa wani ne ya buɗe su. Laftof mai fita waje kuma a sa saitin Wi-Fi ɗinta a “Public” a otal ko makaranta, “Private” na gida ne kaɗai.

Ita firinta ma kwamfuta ce, mutane ne ba su ɗauke ta haka ba. Ƙofarta ta 9100 tana karɓar duk abin da aka turo ba tare da tambaya ba. A 2018 wani ya sa firintoci kusan 50,000 da aka bari a buɗe ga intanet suka buga saƙonsa. A shiga shafinta ta adireshinta a sa kalmar sirri, a kashe Wi-Fi Direct, wato Wi-Fi ɗin da firinta ke fitarwa da kanta, ko a sauya lambarsa, don da yawa 12345678 suke zuwa da ita. Ɓarakar PrintNightmare ta 2021 a Print Spooler take, wato sashen Windows mai kula da aikin bugawa, saboda haka kwamfutar da ba ta buga komai a kashe mata shi.

A rauta, adireshin shiga yawanci 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. A sauya sunan shiga da kalmar sirrin da rauta ta zo da su, irin admin da admin, a zaɓi tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3 da kalmar sirri mai harafi 12 zuwa sama, a kashe UPnP, mai barin na'urori su buɗe ƙofa da kansu, da WPS, hanyar hawa Wi-Fi ba da kalmar sirri ba, wanda lambarsa mai alƙaluma takwas kan faɗo cikin gwaji kusan 11,000. Baƙi da yara a buɗe musu Wi-Fi na baƙi, su sami intanet ba tare da ganin firinta ko folda ba.

Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, don haka irin waɗannan kada a ɗora musu rabon fayil. Faifan ajiya kuwa a kwafa a zare shi a sa a durowa, domin cutar da ke kulle fayil tana bin duk faifai da foldar da kwamfutar ke iya rubutu a ciki.

Wassalam.
Wani mai gyaran kwamfuta, Zariya