Kar ki fita daga kulob ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso, sau biyu na karanta shi, na farko a tsaye ina shirin fita aiki, na biyu kuma da daddare bayan ƙannenki sun yi barci. Toh na ji, tes ɗin kemistiri ko rabi ba ki samu ba, lissafi kuma ba yabo ba fallasa, har kika je bayan laburare kika sha kukanki. Kukan bai dame ni ba wallahi, wanda bai damu da abu ba ai ba ya masa hawaye. Abin da ya hana ni sakewa shi ne maganin da kika ce kin yanke wa kanki, wai za ki bar kulob ɗin Red Cross, ki daina fita fili da yamma, sannan ki riƙa tashi ƙarfe biyun dare da tocila cikin bargo kina haddace littafi har asuba. Haba 'yar nan, wa ya ba ki wannan shawarar?

Bari in fara da barcin tunda nan ne na fi sani. Kin san shekara nawa na yi ina dutin dare a asibiti, na san yadda kan mutum yake komawa in ya kwana biyu bai runtsa ba, ki karanta layi ɗaya sau uku ba ki san me ya ce ba. Masu ilimin barci sun ce yaro daga shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 yake buƙata kowane dare, kuma ba don jiki ya huta kaɗai ba ne, a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka zuba mata da rana ta adana shi. Ke kuma ana kashe muku fitila ƙarfe goma a kaɗa ƙararrawa tun kafin gari ya waye, dama can da kyar kuke cika adadin, sai ki zo ki ƙara yanke awa uku a ciki? Washegari malami na gaban allo ke kina gyangyaɗi, kin ga an yi ba a yi ba kenan, kin sayar da darasin safe kin sayi na dare. Ni ma na taɓa yin wannan wautar a aji biyar, na kwana ina bitar bayoloji, da aka raba takarda na amsa tambaya biyu sai kawai na kifa kai, mai gadin jarrabawa ce ta tashe ni saura minti goma. Babanki har yau in yana son tsokanata wannan labarin yake ɗaukowa.

Ina ganin matsalar ba yawan awannin ba ce, yadda kike karatun ne. A makarantar jinya aka fara ba mu labarin wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, wanda ya zauna yana haddace wasu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa don ya ga yaushe mutum yake mantawa, ya fitar da sakamakon a 1885. Abin da ya gano shi ne mantuwa ta fi gudu a farkon nan, awannin farko da ranar farko bayan an koyi abu, daga baya sai ta lafa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya zama a kai. Toh kin ga firef ɗin nan, lokacin bitar karatu na yamma, da kuke rainawa kuna hira a ciki shi ne dukiyarki. Abin da aka koya muku yau ki duba shi yau, ko minti ashirin ne, ki sake leƙa shi bayan kwana biyu, ki sake ƙarshen mako. Kuma dan Allah ki daina wannan karatun na zuba wa littafi ido kina ja masa layi da jan biro har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kai, rufe littafin za ki yi ki ɗauki farar takarda ki rubuto abin da kika tuna, inda kika cije toh nan ne ba ki iya ba, nan za ki koma. Kemistiri da lissafi ba a iya su da kallo, sai kin yi ta warware tambayoyi da hannunki kina kuskure kina gogewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar tambaya a aji. Kin ce kina jin kunya kar a yi miki dariya. Na rantse miki rabin masu dariyar su ma ba su gane ba, jira suke wani ya tambaya su sha a gindinsa. In ɗaga hannun ya yi miki nauyi ki bi malamin bayan an tashi, ke da ƙawarki ɗaya, ki nuna masa daidai layin da kika ɓace, kar ki ce masa ban gane komai ba don ba zai san ta ina zai kamo ki ba. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu kulob. Kin manta hutun da ya wuce da ƙaninki ya yi haɓo, goggonki ta ce ya ɗaga kai sama, ke kika ce a'a ya zauna ya sunkuyo gaba a matse masa hanci wajen minti goma kar jinin ya bi maƙogwaro? Ina daga bakin ƙofa ina kallonki ban ce uffan ba, amma ranar kaina ya yi girma. A ina kika koyi wannan, a ajin kemistiri? Ƙungiyar nan da kike gani kamar wasan yara a birnin Jeniba na ƙasar Switzerland aka kafa ta a 1863, bayan wani mutum Henry Dunant ya ga yadda aka bar dubban sojoji masu rauni yashe a filin yaƙin Solferino a Italiya a 1859 ba mai kula da su. Ke ce kullum kike cewa likita za ki zama, toh ga ƙofar farko an buɗe miki kyauta sau ɗaya a mako kina neman rufewa da hannunki. Awa ɗaya ko biyu a sati ba su ne suka kayar da ke ba. Da a ce kulob huɗu kika shiga, muhawara da wasan kwaikwayo da 'yan jarida da wannan, da ni da kaina zan ce ki rage, amma ɗaya tak?

Filin wasa ma haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kamar minti 60 na motsa jiki a rana, ba sai kin zama zakaran gudu ba, ki dai fita ki yi gumi ki dawo ki yi wanka, za ki ga firef ɗin ma ya fi shiga.

Na lura a ƙarshen saƙon kin ɗan sako maganar wata siniya da take sa ki wankin kayanta ranar Asabar, kika wuce da sauri kamar ba komai. Ni uwa ce, na gani. Girmama na gaba daban, bauta daban. Sharar hostal da aikin da makaranta ta raba wa kowa ki yi shi ba gunaguni, ki fito asambile kan lokaci da yunifom ɗinki a goge, firifet ta ba da umarni a kan doka ki bi ko da ba ki so. Amma wankin wata ba ya cikin taimtebul, in ta sake ki gaya wa matiron, in kuma kina tsoron abin da zai biyo baya ki gaya min ni na san yadda zan yi maganar ba tare da sunanki ya fito ba. Wata rana ke ma siniya za ki zama, ina fata ba zan ji an ce kin rama a kan 'yar wani ba.

Abu ɗaya da ba zan lamunta ba ko kusa shi ne satar amsa. Na san yadda ake yi, lokacin da mutum ya fi jin tsoron faɗuwa lokacin ne wata za ta matso ta ce ga 'yar takarda ki sa a safa. Ki kawo min sakamako mai jan biro na haƙura mu zauna mu gyara, amma a kira ni ofishin firinsifal kan wannan, ban san inda zan sa fuskata ba. Ni da babanki ba mu taɓa ce miki dole sai kin zo na ɗaya ba, ke kika ɗora wa kanki.

Ki gwada abin da na ce zuwa tes na gaba kawai, in bai canza komai ba sai mu sake shawara, ko a nemo miki mai yi miki lesin a hutu. Ranar ziyara insha Allah ina tafe, ki ajiye min takardar kemistirin nan kar ki yaga ta, ina so mu duba tare mu ga ina makin ya zube. Tocilar kuma ba zan ƙaro miki batir ba, kin ji na gaya miki. Ƙannenki suna gaishe ki, auta ya ce a tambaye ki ko ke kika tafi da rularsa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mamanki