Wai wasa da waƙa a dandamali ba namu ba ne?

Edita, assalamu alaikum. Na saurari shirinku na ranar Asabar kan Nashanal Tiyata, babban gidan wasannin nan na Iganmu a Legas, da wasan nan mai waƙa da rawa da ake yi a ciki, kuma wallahi raina ya ɓaci. Yaron da kuka ba makirfo ya buɗe baki ya ce wai irin wannan wasa baƙon abu ne ga Bahaushe, wai mu sai dai fim. Haba! Shi bai taɓa yin tashe ba ne? Idan yaro ya ɗaura tsummokara da layu ya fito yana Jatau mai magani, 'yan amshi na bayansa ana kiɗa gwangwani, wannan mene ne in ba wasan kwaikwayo da waƙa ba? Fitila da kujeru kawai muka rasa.

Ni a gindin ginin nan na tashi. Marigayi babana tsire yake sayarwa a bakin hanyar shiga, ni ke yanka masa albasa ina naɗe nama a takarda, kuma in muka taso daga gida tun daga kan gada nake hango shi kamar hular soja an kife. Zamanin Gowon aka fara shi, aka gama a 1976 lokacin Obasanjo, 'yan Bulgeriya suka gina, a lokacin babban zauren na cin mutum dubu biyar, duk saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977. To a wannan FESTAC ɗin ina aka yi hawan daba? A Kaduna! Sarakuna da dawakai da 'yan kakaki da algaita, amma ko da wasa yaron naku bai ambata ba, sai cewa yake an gyara gini an sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, sau uku yana maimaitawa kamar mu ba mu da labari.

Na je na kalli wasan da jikata, kuɗin tikiti ya ɗan ciji aljihu ba ƙarya, amma da aka kashe wuta makaɗa suka saki ganga sai da tsigar jikina ta tashi, yarinyar nan ta riƙe min hannu tana tambaya kaka su ma tashe suke yi? 'Yar shekara tara ta gane abin da ma'aikacinku bai gane ba.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke jefawa tsakiyar hira ya isa haka, ana cikin magana sai a datse bakin baƙo, sau huɗu na ƙirga. Layin wayarku ma na kira har kati na ya kusa ƙarewa ba wanda ya ɗauka.

Naku,
Mai sauraro daga Agege, Legas