“Haƙori ne, 'yata”: Wasiƙa zuwa ga Edita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Funtuwa, na kusa shekara ashirin a bakin aiki.

Muna da zauren mata a WhatsApp, mu kusan ɗari biyu, inda ake tambaya a ba da amsa: girki, rainon ciki, goyo, har farashin atamfa. A daminar bara, wajen ƙarfe goma na dare, wata yarinya mai goyon fari ta rubuto cewa ɗanta ɗan wata bakwai yana ta zawo tun jiya, ga amai, nonon ma ba ya kamawa sosai. Yaya za ta yi?

Wadda ta fara amsawa wata Hajiya ce da kowa ke ganin girmanta, har da ni. Ta haifi tara, ta raini jikoki, ba a suna ko rasuwa a unguwa a rasa ta. Saƙon murya ta turo, bai kai minti ɗaya ba: “Haƙori ne, 'yata, kwantar da hankalinki. Ki aika kemis a sayo Flagyl na ruwa, ki fasa kafso ja da yalo ki zuba rabi a cokali ki ɗura masa. Duk nawa da haka na raine su.” Kafin in idar da shafa'i da wutiri amsoshi sun fi talatin. “Wallahi haka ne, Hajiya.” “Ni ma shi na ba nawa.” “Allah ya bar mana ke.”

Ni kuwa na zauna na rubuta dogon bayani, kuma nan na tafka wautata, don na buɗe da cewa irin wannan jahilcin ne ke kashe mana yara. Mutum biyu suka yi godiya. Sauran suka yi mini caa, wai na ci mutuncin uwa, wai mu 'yan asibiti ba abin da muka iya sai ƙarin ruwa da karɓar kuɗi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, yarinya ta bi Hajiya. Bayan kwana biyu aka kawo mini yaron a zanin goyo, maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, yana kuka ba hawaye, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya cak kafin ta koma. Da ƙyar muka sami jijiya. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa a gaba.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne, Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa. Yawancin zawon ƙananan yara ƙwayar bairos ce ke kawo shi, musamman wadda ake kira rota, kuma yakan tsaya da kansa cikin 'yan kwanaki. Flagyl da ja da yalo ba sa yi wa bairos komai. To uwa ta ba da magani, zawo ya tsaya ranar da dama zai tsaya, magani ya kwashe yabo. Wadda ɗanta ya tashi ita ce za ta zo ta ce “na gwada, yana yi.” Wadda ta binne nata ba ta zuwa ba da shaida, tana ɗaki ana yi mata gaisuwa ana cewa kwana ne ya ƙare. Kun ga ke nan ƙidayar “ni ma” da ake yi a zaure ta masu sa'a ce kawai.

Shi ma haƙorin sharri ake ja masa. Yana fara fitowa wajen wata shida, daidai lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana cusa duk abin da ya tsinta a baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwan randa. Ta nan cutar ke shiga. Abin takaici ma, shi ja da yalon, wato tetirasaikilin, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, domin haƙoran da ake cewa ana yi wa magani su yake rinawa har abada.

Abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne. Maganinsa kuwa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da shi: ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, tare da ƙwayar zink. A duba jikin ledar, yawanci a lita ɗaya ake kaɗa ta, daidai da ledar fiya wata biyu. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink kuma kullum sau ɗaya har kwana goma zuwa sha huɗu ko da zawon ya tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata shida ba. Kada a daina ba da nono. In an ga jini a kashin, ko yaro ya kasa sha, sai asibiti a daren. Tun Agustan 2022 ma an sa rigakafin rota cikin rigakafin jarirai a Nijeriya, ɗigo ne a baki, kyauta.

Ba yau muka fara ba. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin nan My Pikin ya ci ran yara fiye da 80 a ƙasar nan. Wa kuma ya manta daren gishiri a Agustan 2014, lokacin Ebola? Ni kaina ƙarfe uku na dare yayata ta tashe ni a waya, wai in yi maza in yi wanka da ruwan gishiri in sha. An rasa rayuka, an kwantar da mutane, kuma duk wanda ya tura saƙon don ƙauna ya tura.

Bayan an sallami yaron masu kula da zaure suka ce a goge saƙon Hajiya. Na ce a'a. In an goge shi a waya yana nan daram a ɗakunan mata, kuma sai a ce an rufe bakin tsohuwa. Na sayi goro na tafi gidanta bayan la'asar, na durƙusa na ba ta haƙuri a kan kalmar da na yi amfani da ita, sannan na ba ta labarin yadda aka kawo yaron. Ta yi shiru, ta ce, “Ashe da na kashe ɗan mutane.” Na kaɗa ORS a gabanta ta ɗanɗana. A daren ita da bakinta ta turo sabon saƙo, ta ce ta janye maganarta, ga abin da za a yi. Matan da suka yi mini caa su ne suka fara cewa “Allah ya saka, Hajiya.” Maganata ce dai ta ranar farko, ba a ƙara ko wasali ba.

Yanzu mun yi ƙa'ida: tambayar da ta shafi ciwon yaro ko mai ciki, kowa na iya faɗin abin da ya sani, amma ba a ambaton sunan magani sai ɗaya daga cikinmu ma'aikatan lafiya ta duba, kuma gyara a ƙarƙashin amsar ake liƙa shi, ba a can ƙasa inda ba mai gani ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware ɗan gurbi duk mako, a ɗauko amsa guda da ta yi tashe a wayoyin mutane a kai wa masani ya warware ta da Hausar da kakata za ta gane, a kuma naɗe ta a murya, don yawancin masu goyon nan sauraro suke yi, ba karatu ba. Dalilina shi ne, watan jiya ƙanwata da ke aure a Kaduna ta turo mini wani saƙo, ta ce, “Yaya, ji wani sahihin maganin zawon haƙori.” Ina kunnawa na ji muryar Hajiya. Na farkon ne. Na tambaye ta ko ta ji na biyun, ta ce wane na biyu?

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar lafiya, daga Funtuwa, Jihar Katsina